Addu'ar Hajiya a Kan Ƙurar Tauraro

A gidanmu na Sabuwa ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba har ta koma ga Allah, ni ma da na haifi tawa ta fari a Ƙanƙara haka na bi. In zan yi maganarta sai in ce “yarinyar nan” ko “'yar Hajiya”. Ba na zama in yi hira da ita, ba na yabonta a gaban mutane. In ba ta da lafiya, sai in tura babanta ya tambaye ta jiki, ni ina bayan labule ina sauraron amsa. 'Yan yanzu suna cewa ƙauyanci ne, wataƙila kuma da gaskiyarsu. Na yi sakandare, na yi islamiyya, na san ba addini ne ya ce a yi haka ba. Amma harshena ya riga ya saba, in na buɗe baki sai ya ƙi.

Hajiyar da nake nufi surukata ce, mahaifiyar maigidana, tana zaune a Faskari. Can aka kai yarinyar yaye, Hajiya kuwa ta riƙe ta, ba ta dawo mana da ita ba sai da ta isa shiga makaranta. Tsakaninsu babu kunya ko kaɗan, sai tsokanar jika da kaka. Ita ta kira ta tsohuwa, Hajiya ta kira ta uwar tambaya.

Yarinyar ta tashi da son lissafi. Ta karanta kimiyya a jami'a, daga nan aka ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, a fannin taurari. Babanta ya sha wuya a majalisarsu kafin ya fahimtar da abokansa cewa ba duba take koyo ba.

Duk abin da na sani game da aikinta, daga ɗakin girki na ji shi. In ta zo hutu takan zauna a tsakar gida tana yi wa babanta bayani, ni kuma in rage wutar murhu, in daina buga muciya da ƙarfi, in kasa kunne. Ga yadda na fahimta. Akwai manyan taurarin da in ƙarfinsu ya ƙare sai su fashe. Abin da ya rage sai ya dunƙule, faɗinsa bai wuce na birni guda ba, amma nauyinsa ya fi na rana. Wannan gawar tauraro tana juyawa da sauri kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa, duk juyi ɗaya ta wurgo haske, bugu bayan bugu kamar zuciya. A bakin masana, falsa ake ce mata. To, an gano cewa 'yan kaɗan daga cikin irin waɗannan taurari suna da duniyoyi masu zagaya su, kamar yadda tamu ke zagaya rana. Shi ne masana suka rasa gane daga ina duniyoyin suka zo, tunda fashewar ya kamata a ce ta tarwatsa komai. Wasu suna zaton daga ɓaraguzan da suka rage ne aka sake dunƙula su, da ikon Allah. In kuwa haka ne, ya kamata a samu ragowar ƙura tana yawo a wajen. Ni a raina na kwatanta shi da fura: in na shiga gida na ga dawo a ƙwarya, na kuma ga burbushin gari a faifai, na san a nan aka mulmula shi. Wannan burbushin 'yar Hajiya take nema a gefen wani tauraro guda, shekara da shekaru.

Ranar da na gama haɗa wannan bayani a kaina, miyar kukata ta kama. Ina ta subhanallahi, ban ji ƙauri ba.

A wata damina, masara ta fara nuna, sai ga ta ta dawo ba lokacin hutu ba. Tun daga kayan da aka sauke daga mota na san ba lafiya ba. Har bargon sanyi da 'yar tukunyar da na aika mata ta hannun babanta sun dawo. Mai zuwa hutu ba ya ɗauko tukunya. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina duban tsintsiyar hannuna, amma na ga idonta ya faɗa.

Washegari da hantsi na ji tana gaya wa babanta. Ta ce ta duba, ta sake dubawa, babu ƙurar. Ta ce shekarun nan duk sun tafi a banza, ba za ta iya tsayawa gaban malamai ta ce abin da ta samo shi ne babu ba. Ta ce ba za ta koma ba.

Babanta mutum ne mai sanyi. Ya ce, “To, ki yi istihara. Abin da ya fi alheri Allah ya zaɓa mana.” Ya sa hularsa ya fita gona.

Ni kuwa ina son in ce mata ki koma, kin yi nisa, kada ki yar da abin da kike so saboda ɓacin rai na wata ɗaya. Na wanke hannu na tafi har ƙofar ɗakinta. Na tsaya. Ta ɗago ta ce, “Umma, kina son wani abu?” Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Hadari ya taso, a kwashe shanya.” Babu kuma hadarin kirki. Ta fita ta kwashe kayan da ba su bushe ba.

Na gwada ta wasu hanyoyin. Na ƙara mata man shanu a tuwo. Na dafa mata gyaɗa sabuwa na ajiye a bakin ƙofa kamar mantuwa na yi. Tana ci, tana godiya, tana komawa ɗaki ta kwanta. Kwamfutarta tana cikin jaka, ba ta ko buɗe ta.

Da na ga kwanaki suna tafiya, sai na ce wa babanta ya kamata a kai wa Hajiya masarar bana, kuma yarinyar nan ba ta je gaisuwa ba. Ya dube ni ya yi murmushi, ya gane. Niyyata in mun isa in ja Hajiya gefe, in gaya mata komai, ita da take da bakin magana da jikarta ta faɗa mata abin da na kasa.

Muka yi sammako muka shiga motar haya, don yanzu ba mai son la'asar ta same shi a hanyar nan. An cusa mu baya da buhun masara a ƙafa da wata mata mai kaji. Duk ramin da motar ta faɗa sai kafaɗar yarinyar ta bugi tawa, ta ce, “Sannu, Umma.” Ni kuma a raina ina cewa Allah ya ƙaro ramuka.

Muka ishe Hajiya a tsakar gida tana tsince wake. Ban samu ko damar ajiye mayafi ba, balle jan ta gefe.

“Lale da uwar tambaya! Ke haka ake yi, ki shigo ƙasa sai a bakin mutane zan ji? Dubi wuyanta, kamar na zabuwa. Ba su ba ku abinci can?”

“Tsohuwa, ke dai har yanzu kina nan? Na ɗauka zan zo in gaji akuyoyin nan.”

“Sai kin tsufa kina jira. Zauna nan. Kafin ruwa, kafin komi, hwaɗa mini: ƙurar nan fa?”

Yarinyar ta sunkuyar da kai. “Babu, Hajiya.”

“Mi kika ce?”

“Babu ƙura. Ko ƙwaya ɗaya ban gani ba.”

Hajiya ta ture faifan wake. Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, ta miƙe zumbur, ta ɗaga hannu sama ta ce, “Alhamdulillahi! Allah mai amsa roƙon bayinsa!” Ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Akuyoyi suka watse. Ta nufi katanga tana ƙwala wa maƙwabciyarta kira: “Maƙwabciya! Kina ciki? An share! Wallahi an share tas, ga mai abin ta zo da bakinta!”

Muka dubi juna ni da yarinyar. Ina jin rabon da mu haɗa ido haka tun tana goye.

Sai da maƙwabciyar ta shigo tana barka, tana shafa kan yarinyar, sannan muka gane inda maganar ta dosa. Ashe tun farkon tafiyarta sun yi waya, Hajiya ta tambaye ta aikin me take yi can, ita kuma ta amsa a gurguje cewa ƙura ce ke ba ta aiki a wajen wani tauraro. Hajiya mace ce da ke share tsakar gidanta safe da yamma, wadda ta san yadda hazo ke hana ganin jinjirin wata. Ba ta taɓa jin wanda ke son ƙura ba. Ta yanke a ranta cewa ƙura ce ta tare wa jikarta tauraro. Tun daga nan duk Juma'a sai ta toya waina ta raba wa maƙwabta da masu dawowa daga masallaci, a taya ta roƙon Allah ya kawar da ƙurar nan. Matan islamiyyarsu duk sun sani. Na san tana sadaka saboda karatun yarinyar, har gero nake aika mata, amma ban taɓa tambayar lafazin addu'ar ba.

“Hajiya,” in ji yarinyar, “ƙurar ai ita nake nema.”

“Ki nemi mi?”

“Ita nake so in gani. Ita ce aikin.”

Maƙwabciyar ta zare hannunta daga kan yarinyar a hankali, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Sai yarinyar ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta kife a cinyar Hajiya, dariyar ta juye kuka, kukan ya sake komawa dariya. Tun da ta dawo ban ji sautinta haka ba. Na juya na kama tattara waken da ya zube, don kada a ga fuskata.

“To ke wace irin ɗiya ce?” Hajiya ta ce tana dukan bayanta. “Ki bar ƙasarku, ki haye jirgi, ki tahi neman ƙura? Ga ta nan ƙarƙashin gadona, da kin yi magana da na tara miki buhu. Kuma ba ki iya buɗe baki ki yi bayani? Kin sa na tara mutanen unguwa mun share miki abinki!”

“Kwantar da hankalinki, ba ke kika share ba. Hasken da nake dubawa ya baro tauraron nan tun ba a haifi kakannin kakanninki ba. Kafin ki fara toya waina an riga an gama.”

Hajiya ta harare ta. “Lokacin Allah bai san zan roƙa ba?”

Ni kuwa na ce astagfirullah a raina, ina danne dariya, don ban san amsar da malami zai bayar ba balle yarinyar.

Bayan azahar muka ci abinci, Hajiya ta ƙi barin maganar. Ta ce tunda ta yi ɓarna, a gaya mata girman ɓarnar. Ta yaya ma ake ganin ƙura a wurin da ko tauraron ido ba ya gani?

Yarinyar ta kama hannunta ta kai ta bakin murhu. An sauke tukunya tun ɗazu, sai toka fara. Ta ce, “Kina ganin wuta?”

“A'a.”

Ta riƙe tafin Hajiya a saman tokar. “Yanzu fa?”

“Da ɗumi.”

“To wannan ɗumin shi ma haske ne, idonmu ne ba ya kama shi. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da irinsa. In akwai ƙura kusa da tauraron, zai ɗumama ta, ita kuma ta fitar da wannan haske. Akwai madubin hangen nesa da aka harba sama, can inda iskar duniya ba ta tare shi, an yi shi don ya kama hasken ɗumi. Shi yake ɗauko hoto, a turo mana a kwamfuta, mu auna. In ɗumin wajen ya fi wanda tauraron kaɗai zai bayar, to akwai ƙura.”

“Naki bai fi ba.”

“Bai fi ba.”

Hajiya ta ɗauki ƙaramin itace ta tona tokar gefe, wadda ta huce tun safe, ta taɓa. “Wannan kuwa ba ɗumi, amma ga toka.”

“Haka ne. Shi ya sa ba zan ce babu ƙura sam ba. Abin da zan iya cewa, in akwai ta, ko dai ta yi sanyi ƙwarai, ko manyan duwatsu ne ba gari ba, ko kuma ba ta kai kaza yawa ba. Wannan kazan na auna shi, kuma na matse shi fiye da yadda aka yi a baya, don na cire hasken wasu taurari da ke bayansa, shi ne ma ya fi cin lokaci, saboda akwai wani ɗan mitsitsi da ke dab da…”

Ta ci gaba. Ta ɗauki itacen daga hannun Hajiya tana zane a ƙasa, ga tauraro, ga duniyoyinsa, ga da'irar da ta bincika. Hajiya ba ta gane rabi ba, ni ma haka, amma na ga yadda bayanta ya miƙe, hannunta yana yawo, kamar yadda take yi a tsakar gidanmu a shekarun baya.

Da ta tsaya shan ruwa Hajiya ta ce, “Malaminku mi ya ce?”

“Ya ce in rubuta. Wai sakamako ne.”

“Ke kuma kika kwaso kaya.”

“Kunya nake ji, Hajiya. Kowa ya san na tafi nema.”

“Kunya? Ni da zan bi gida gida gobe in ce wa matan unguwa addu'ar da muka yi ta baibai ce, mi zan ce? Irin taurarin nan shi ke nan guda ɗaya?”

“Akwai wasu 'yan kaɗan. Akwai wanda aka ce in na gama wannan za a nemi a duba.”

“To ni zan juya addu'a. Amma ba ni tayar da mutane saboda wadda ke kwance ɗaki a Ƙanƙara. In roƙa wa wa ƙurar? Ki hwaɗa mini yanzu, in toya waina ko in bari?”

Yarinyar ta koma wasa da itacen. Sai Hajiya ta juyo kaina. “Ke kuma uwarta, kin zauna kamar baƙuwa. Ba ki da baki?”

Na dubi katanga, na dubi akuya. Na ce, “'Yarki ce, Hajiya, ni me zan ce.” Sai kuma na ji bakina ya ci gaba da kansa. “Sai dai ki gaya mata, in tana ba babanta labarin nan ina ji daga ɗakin girki. Ina son in ji ƙarshensa.”

Ban dubi inda yarinyar take ba. Na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata.

Ba ta ba Hajiya amsa a ranar ba, ni kuma ban sake cewa komai ba. Na yi sallolina na roƙi Allah, in komawar ce alheri ya sanya mata ita a zuciya, in kuma ba ita ba ce ya ba ni haƙurin gani.

Da safe bayan an karya, Hajiya ta zura hijabinta ta ɗauki sanda. Ta ce wa yarinyar, “Tashi. Ke kika jawo, ke za ki yi bayani da bakinki. Ni ba ni iya cewa falsa.” Ta tasa ta gaba suka fita, suka bar ni da wanke-wanke.

Gidan farko na maƙwabciyar jiya ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka komai a kunnena. Na ji sallama, na ji an shimfiɗa tabarma. Hajiya ta gabatar da buƙata. Maƙwabciyar ta ce ita fa a gafarce ta, tun da take ba ta taɓa ɗaga hannu ta roƙi Allah ƙura ba, kuma ba za ta fara da tsufanta ba, ga ta da tari. Hajiya ta ce ai ba a gidanki za a sauke ba. Aka yi ta ja, matan gidan suna dariya. A ƙarshe suka daidaita a kan za ta roƙa, amma da sharaɗin ƙurar ta tsaya can inda take.

Sai wata daga cikin matan ta tambaya, to yaushe za a san ko an dace.

Na tsayar da hannuna a cikin ruwan kumfa.

“Da sauran lokaci,” na ji yarinyar ta ce. “Sai na fara rubuta na wannan tukuna. In na koma, wata mai kamawa in sha Allahu, shi zan sa a gaba.”

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce ya faɗa cikin baho. Daga bayan katanga Hajiya ta ɗaga murya ta ce a yi mata hankali da kwanoninta, na ce to, Hajiya.